Faston fada a ƙasashen Lutheran: ya rayuwarsa take?

Tambayar ɗan'uwa ita ce, yana karatun tarihin ikilisiya sai yake ta cin karo da fastocin da aka ce suna aiki a fadar sarakunan Jamus da Denmak da Suwidin bayan zamanin Martin Luther, malamin Jamus da ya ɓalle daga cocin Katolika wanda ake kiran mabiyansa Lutheran, to wai meye ainihin aikinsu, kuma da gaske suna iya kallon idon sarki su faɗa masa gaskiya, ko dai 'yan amshin shata ne kawai masu cin tuwon fada?

To ɗan'uwa, duka biyun akwai su, akwai masu faɗa akwai masu kama bakinsu, wani ma yau ya faɗa gobe ya yi gum. Amma abun da zan so ka riƙe, wanda ba kasafai ake kula da shi ba, shine faɗa wa sarki ya rage shan giya ko ya bar bin mata ba shi ne yake halaka faston fada ba, iyakaci dai a daina zuwa sauraronsa ko a sallame shi ya samu aiki a wani gari. Abun da yake kai su kurkuku, wani lokacin har gaban hauni, rigimar aƙida ce da tsoma hannu a siyasar fada, musamman ranar da sarkin da ya ɗauko ka ya mutu ko ya tsufa wani ya karɓi ragama. Sarki goma zamani goma, babu wanda ya san wannan kamar su.

Sai ka fara gane yanda ƙasar take tukuna. Jamus ta wancan lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne birjik manya da ƙanana a ƙarƙashin Kaisar, kuma a cikinsu akwai guda bakwai da masu mulkinsu su ne suke zaɓen Kaisar ɗin, irin su Saksoni da Brandenburg. Laƙabinsu kala-kala ne amma ni duk zan kira su sarki don sauƙi. Da Luther ya ɓalle daga Fafaroma, yawancin bishop-bishop na Jamus ba su bi shi ba, to coci kuwa dole wani ya riƙe ta, ya naɗa fastoci, ya biya su, ya raba rigimar aure, sai aka ce sarki ya riƙe a matsayin bishop na larura kafin abubuwa su daidaita, daga nan kuma bai sake saki ba. Yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta zo ta tabbatar da cewa addinin da sarki ya bi shi ne na ƙasarsa. A Denmak ma sarki Christian na 3 kama bishop-bishop na Katolika ya yi a 1536, shekara na zagayowa Bugenhagen abokin Luther ya zo Kofanhegan ya naɗa masa rawani. Ka ga kenan faston fada yana wa'azi ne a gaban mutumin da shi ne sarkinsa, shi ne mai biyansa albashi, shi ne kuma shugaban cocin da yake aiki a ciki, amma a lokaci guda ɗan ikilisiyarsa ne wanda Allah zai tambaye shi game da ransa. Daga nan duk wahalar aikin ta taso. In ka san yanda ake kallon malaman fada a wajenmu, ana girmama su ana kuma zarginsu, to ba ka yi nisa da gane nasu ba.

Na farkonsu da ya kamata ka sani shine Georg Spalatin, faston fada kuma magatakardan Frederick mai hikima na Saksoni. Abun mamaki, sarkin nan da ya tsare Luther daga Fafaroma da Kaisar, har ya sa aka ɓoye shi a Wartburg a 1521, ba zama yake da shi su yi hira ba, kusan komai ta hannun Spalatin yake bi. Wasiƙun Luther zuwa gare shi da suka tsira sun haura 400. Luther mutum ne mai zafi, in ya rubuto da wuta Spalatin ne zai sanyaya maganar kafin ta kai kunnen sarki, in sarki ya ce a gaya wa mutumin nan ya sassauta shi ne dai zai kai saƙon ya sha faɗan. Sarkin na mutuwa a 1525 Spalatin ya bar fada ya koma Altenburg ya yi aure ya ci gaba da aikin fasto.

Bayan zamaninsa aikin ya zama kujera mai tsari. Ba kowa ake ɗauka ba, yawanci masu digirin jami'a ne, da yawa ma daktocin tauhidi daga Wittenberg ko Leipzig ko Rostock ko Uppsala, da yawansu 'ya'yan fastoci ne da suka auri 'ya'yan fastoci, don kada ka manta su ba kamar firistocin Katolika ba ne, da matansu da yaransu suke zaune a gidan da fada ta ba su. Albashi kuwa ba kuɗi zalla ba ne, akwai hatsi, akwai itacen hura wuta saboda hunturu, akwai giya ko ruwan inabi, sannan ɗan abun da ake samu in an yi baftisma ko aure ko jana'izar manya. Babbar fada irin Dresden ta sarkin Saksoni fastoci uku take ajiyewa, babba da na biyu da na uku, kuma babban nan kusan shi ne fasto mafi girma a duk duniyar Lutheran ta Jamus, yana zama a majalisar ƙoli ta coci, da shi ake jarraba sababbin fastoci, da shi ake shawarar wanda za a ba kujerar farfesa a jami'a. Har mawaƙan cocin fada a ƙarƙashin idonsa suke, shi ya sa Heinrich Schütz, babban mai tsara waƙoƙin Dresden, ya yi shekaru yana aiki da su ɗaya bayan ɗaya, da ya rasu a 1672 kuma babban faston fada Martin Geier ne ya yi wa'azin jana'izarsa.

Wa'azi dai shi ne ƙashin bayan aikin, kuma ba na ranar Lahadi kaɗai ba, akwai na tsakiyar mako, akwai na ranakun idi, akwai na ranakun tuba da sarki yake sa a yi in annoba ko yaƙi ya taso. Ka ɗauka kana cikin cocin gidan sarki irin wadda Luther ya buɗe da kansa a Torgau a 1544: sarki da iyalinsa suna can sama a baranda, fadawa da barori a ƙasa kowa a inda matsayinsa ya ajiye shi, fasto a kan mumbari da baƙar riga, ga agogon yashi a gefensa yana zuba, awa guda cur zai yi yana magana kuma kowa a wurin ya san wa ya kwana yana shan giya jiya, wa yake rigima da wa. In ya karanta labarin Annabi Natan da ya je ya tsawata wa Dauda kan matar Uriya, ba sai ya kira suna ba, idanuwa da kansu za su ɗaga su kalli baranda. Ga kuma wa'azin jana'iza da ake bugawa a littafi haɗe da tarihin mamaci, irinsu da suka rage a ɗakunan karatu na Jamus sun haura 200,000, kuma a nan ne ake gane fasto mai dabara, don ta ya za ka tsaya kan gawar sarkin da duk gari ya san mashayi ne, ɗansa sabon sarki yana zaune yana kallonka, ka yi magana ba tare da ka yi ƙarya ba kuma ba ka ci mutunci ba? Yawancinsu kan ƙarshen mutum suke fakewa, su ce ya yi tuba, ya karɓi Jibin Ubangiji, ga ayar da ya cika da ita a bakinsa.

Amma ƙarfinsa na gaske ba a mumbari yake ba. Mutane da yawa sun ɗauka furta zunubi a gaban fasto na 'yan Katolika ne kaɗai, alhali Lutheran na wancan zamanin ba su bar shi ba sam, kafin ka karɓi Jibin Ubangiji sai ka je wajen fastonka ka furta, ya yi maka tambayoyi, ya sanar da kai gafara. Sarki ma haka yake yi. Wato akwai ɗaki ɗaya a duk masarautar da sarki yake shiga a matsayin mai laifi, kuma akwai mutum ɗaya da a ƙa'ida zai iya ce masa ba zan ba ka Jibi ba sai ka rabu da abun da kake yi. Su da kansu suna yawan jawo ayar Ishaya da ta kira masu tsaron da ba sa gargaɗi karnuka bebaye, ba wanda yake so a liƙa masa wannan sunan. Ƙa'idar da suke bi kuwa ta Matiyu sura 18 ce, ka fara samun mutum a keɓe, in ya ƙi ka zo da shaidu, sai a ƙarshe a fito fili. Polykarp Leyser na Dresden ya yi jerin wa'azi kan Zabura ta 101 a 1605 game da yanda mai mulki ya kamata ya kasance, aka buga, kuma sarkin da yake wa aiki a lokacin, Christian na 2, ya yi ƙaurin suna wajen shan giya, ya mutu yana ɗan shekara 27. Ka ga wa'azin an yi shi, jin ne dai.

Wanda ya fi nuna maka yanda abun yake ƙarewa shine Philipp Jakob Spener. Mutum ne da ya riga ya yi suna, ya yi shekara 20 yana shugabantar fastocin Frankfurt, shi ne uban tafiyar nan ta farfaɗo da ibada ta zuci da karatun Littafi Mai Tsarki a gidaje. A 1686 Johann Georg na 3 ya kira shi Dresden ya zama babban faston fada. Sarkin nan soja ne, yana cikin waɗanda suka je suka kori rundunar Turkawa daga Biyana a 1683, mai son farauta da shagali da kwalba, kuma ba ya cika zama a gida. Spener da ya zo sai ya shiga tara yara yana koya musu katekisim, fadawa suka dinga ba'a wai sarki ya aika a kawo masa faston fada an kawo masa malamin firamare. A farkon 1689, lokacin wata ranar tuba, ya zauna ya rubuta wa sarki wasiƙa, ba a mumbari ba, ba a gaban kowa ba, takarda ce a rufe daga mai jin furcinsa zuwa gare shi, cikin ladabi yana nuna masa halin da rayuwarsa take ciki. Ya bi ƙa'ida tsaf. Sarki ya fusata, ya mayar masa da takardarsa, daga nan bai ƙara zama ya saurari wa'azinsa ba. To ga inda abun yake da ban sha'awa: sarki yana so ya tafi amma ba ya so a ce ya kori fasto don ya faɗa masa gaskiya, shi kuma Spener ya ce Allah ne ya kira shi wannan aikin ba zai ajiye da kansa ba, in ana so a kore shi, ga sarauniya Anna Sophie 'yar sarkin Denmak tana bayansa. Haka aka yi ta jan zare har shekara biyu, daga ƙarshe aka shirya da Brandenburg suka aiko masa da kira, ya koma Balin a 1691 kan babbar kujera a cocin Nikolai, inda tasirinsa ma ya fi na da. Sarkin kuwa a cikin shekarar ya mutu.

Irin wannan ya faru a wurare da dama. A Württemberg sarki Eberhard Ludwig ya ajiye matarsa gefe ya ɗauki farkarsa Wilhelmine von Grävenitz ta zama ita ke juya ƙasar, faston fada Samuel Urlsperger ya yi magana ya rasa kujerarsa a 1718, daga baya ya zama babban fasto a Augsburg. Ana ma ba da labarin cewa matar ta nemi a riƙa sa sunanta a addu'ar coci, wani babban malami ya ce mata ai kullum ana sa ki, duk sanda muka ce ka cece mu daga mugu. Labari ne na baka amma ya nuna maka yanda mutanen gari suke so fastonsu ya kasance.

Masu lanƙwasawa fa? Suna nan, kuma har da manya. Philip na Hesse, ɗaya daga cikin ginshiƙan Furotesta, yana da mata Christine tun 1523, sai ya ce shi fa ya kasa kame kansa, lamirinsa na damunsa har ya daɗe bai karɓi Jibi ba, gara a bar shi ya ƙara aure kamar yanda annabawan Tsohon Alkawari suka yi. Mu nan ƙarin aure ba labari ba ne, amma a can dokar Kaisar ta 1532 hukuncin kisa ta tanada wa mai mata biyu. Luther da abokin aikinsa Melanchthon suka ba shi shawara a asirce cewa in dai larura ce to a yi amma kada kowa ya ji, faston fadarsa Dionysius Melander ya ɗaura auren da Margarethe von der Saale a watan Maris na 1540. Magana kuwa ba ta ɓuya, ta fasu, Philip ya shiga tsaka mai wuya har sai da ya je ya lallaɓi Kaisar Charles na 5 ya yi yarjejeniya da shi a 1541, abun da ya raunana ƙawancen Furotesta gaba ɗaya. A ganina wannan na daga cikin wuraren da Luther kansa ya yi faston fada a mummunar ma'ana. Sarkin Denmak Frederick na 4 ma sau biyu ya yi haka, 1703 da 1712, sarauniya na raye, kuma duka biyun ba a rasa malamin da ya ɗaura ba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Yanzu ga ɓangaren da ake zubar da jini. Johann Funck faston fadar Albrecht na Prussia ne a Königsberg, kuma surukin Andreas Osiander, wani malami da ya zo da fahimta ta daban kan yanda mutum yake samun barata a gaban Allah, wadda sauran Lutheran suka ce ɓata ce. Sarki yana son Osiander, saboda haka aka dinga korar fastocin da suka ƙi. Osiander ya mutu a 1552, Funck ya gaji rigimar, kuma bai tsaya a coci ba ya zama mashawarcin sarki a harkar mulki da kuɗi. Da Albrecht ya tsufa ƙarfinsa ya ƙare, manyan ƙasa suka kai ƙara wajen sarkin Folan wanda Prussia take ƙarƙashinsa, aka aiko kwamiti, aka yanke wa Funck hukunci, aka fille kansa a kasuwa ranar 28 ga Oktoba 1566 tare da wasu mashawarta biyu, sarkin da ya yi wa aiki yana raye bai iya cetonsa ba.

A Saksoni kuma rigimar da mabiya Calvin ce, wato John Calvin, wani jagoran Furotesta da koyarwarsa ta bambanta da ta Luther. Ka san bambancin ba ƙarami ba ne a wajensu: Lutheran sun ce jikin Almasihu da jininsa suna nan da gaske a cikin gurasa da ruwan inabi, mabiya Calvin suka ce tarayyar ta ruhu ce, sannan akwai zancen hotuna a coci, da addu'ar tsawata wa Shaiɗan da Lutheran suke yi wa jariri wajen baftisma. Kuma yarjejeniyar 1555 ba ta san da mabiya Calvin ba, sai 1648 aka amince da su, saboda haka zargin kai ɗan Calvin ne a ɓoye zargi ne na siyasa ma. A 1574 sarki August ya gano wasiƙun da suka nuna na kusa da shi sun karkata can, ya kama faston fadarsa Christian Schütz, da likitansa Caspar Peucer surukin Melanchthon wanda ya yi shekara 12 a tsare. Ɗan sarki August, Christian na 1, ya hau a 1586 sai iska ta juya, shi da wazirinsa Nikolaus Krell suka karkata ɓangaren Calvin, aka cire faston fada Martin Mirus, aka hana addu'ar tsawata wa Shaiɗan, har ana ba da labarin wani mahauci a Dresden da ya zo baftismar 'yarsa riƙe da gatarin sara nama ya ce wa fasto ya yi addu'ar nan ko ya raba masa kai biyu. Shekara biyar kacal sarkin ya mutu, iska ta sake juyawa, aka dawo da Mirus, aka kama fastocin da suka maye gurbinsa, Krell ya yi shekara 10 a kurkukun Königstein aka sare kansa a 1601. Cikin shekara ashirin ba ta cika ba kujera ɗaya ta juya sau uku. A Brandenburg ma da Johann Sigismund ya karɓi Jibi irin na Calvin ranar Kirsimeti ta 1613, faston Lutheran Simon Gedicke wanda ya koyar da shi tun yana yaro ya yi ta suka daga mumbari, bai shekara ba ya bar Balin.

Akwai kuma wanda ya shiga siyasar ya ci riba, wato Matthias Hoë von Hoënegg, haifaffen Biyana, babban faston Dresden daga 1613 har ya mutu a 1645, kusan duk tsawon yaƙin shekara 30. Ƙiyayyarsa da mabiya Calvin ta fi wadda yake wa Katolika, saboda haka da Furotestan Bohemiya suka yi tawaye suka naɗa ɗan Calvin sarki, shi yana cikin masu ƙarfafa wa Johann Georg na 1 guiwa ya bi bayan Kaisar ɗan Katolika a 1620. Da Kaisar ya matsa wa Furotesta sai ga shi a 1631 yana zaune a Leipzig da fastocin Calvin ana neman fahimtar juna, da aka zo sulhun Prague a 1635 ya sake komawa bayan Kaisar. Kaisar ya ba shi muƙami, ya mallaki filaye kusa da Dresden, abokan gabansa suka yi ta zarginsa da karɓar kuɗi. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma da yawa a zamaninsa haka suka kalle shi, ko da yake ni ina ganin an ɗora masa fiye da nasa, sarkin da mashawartansa suna da nasu lissafin na ƙasa da iyaka.

Kada kuma ka ɗauka zaman daɗi ne a gidan sarki kullum, in sarki ya fita yaƙi da fastonsa yake fita. Sojojin Gustavus Adolphus na Suwidin safe da yamma ake tara su addu'a, kuma fastonsa Jacob Fabricius yana tare da shi a Lützen a 1632 ranar da aka kashe shi. Jöran Nordberg ya bi Charles na 12 na Suwidin har fagen yaƙin Poltava, Rashawa suka kama shi a 1709, sai 1715 ya ga gida, daga baya shi aka sa ya rubuta tarihin sarkin. In ya dawo lafiya dai lada na jiransa, don a Suwidin ba a rushe kujerun bishop ba, kuma hanya mafi kusa zuwa can ita ce ta fada: Johannes Rudbeckius ya samu Västerås, Jesper Swedberg ya samu Skara.

Tarbiyyar 'ya'yan sarki ma a wuyansa take, in ta ɓaci kuma shi za a tuhuma. Johannes Matthiae ne ya koyar da Christina 'yar Gustavus tun tana ƙarama, mutum mai sassauci da yake fatan Furotesta su haɗa kai, ta ƙaunace shi aka ba shi bishop na Strängnäs a 1643. Da ta ajiye sarauta a 1654 ta koma Katolika ta tafi Roma, 'yar mutumin da ya mutu yana yaƙi don Furotesta fa, sai aka dinga kallonsa a matsayin wanda ya sassauta mata zuciya, masu tsauri suka bi littattafansa da suka har ya rasa kujerarsa a 1664. Wani kuma gimbiya ake haɗa shi da ita in za a kai ta aure ƙasar da ba Lutheran ba, kamar Johannes Sering da ya bi Anne ta Denmak zuwa Sikotlan a 1590, ya tsinci kansa a tsakiyar fastocin Calvin da yaren da ba nasa ba, ikilisiyarsa duka sarauniya ce da 'yan barorinta, ita ɗin ma daga baya zuciyarta ta karkata wajen Katolika.

Wani lokacin kusancin nan yana haifar da abun da ya wuce fada. Frederick na 4 ɗin nan mai mata biyu shi ne ya so a aika masu bishara zuwa Tranquebar, garin da Denmak take riƙe da shi a kudancin Indiya, aka rasa mai zuwa a Denmak, faston fadarsa Franz Julius Lütkens ya nemo samari biyu Jamusawa da suka yi karatu a Halle, Ziegenbalg da Plütschau, suka sauka can a 1706. 'Yan Denmak da suka zo Numan a 1913 har aka samu cocin Lutheran ta Adamawa ba sarki ne ya aiko su ba, ƙungiya ce ta masu sa kai, amma fitar Lutheran da bishara zuwa ƙasashen nesa a tsare daga wancan aiken na fada ta faro.

Kujerar Dresden ɗin kuwa ta gamu da abun da ba wanda ya shirya masa a 1697, lokacin da Augustus mai ƙarfi ya koma Katolika don ya samu sarautar Folan. Ya yi wa talakawansa alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, aka miƙa harkar coci ga majalisar mashawarta, matarsa Christiane Eberhardine ta ƙi binsa ta tsaya a Lutheran har ta mutu. Babban faston fada ya ci gaba da riƙe sunansa da albashinsa da kujerarsa a majalisar coci, yana wa'azi ga ministoci da fadawa, sarki kuma yana can wajen firistocinsa na Katolika. A 1737 ɗan Augustus ya rufe cocin Lutheran da ke cikin gidan sarki, aka mayar da sujadar fada cocin Sophie a cikin gari.